Hakama a Birnin Saiwar Kalgo

Tsofaffin da suka ba ni labarin nan sun ce a Dogon Fako aka yi shi, wani ƙauye can arewa inda ruwan sama yake zuwa a makare ya tafi da wuri. A garin akwai wani manomi mai suna Arzika, wanda ya wayi gari da ƙishirwar da ba ta mutuwa. Zai kafa kai a tulu ya shanye tas, kafin ya ajiye tulun sai ruwan ya tsattsafo ta tafin ƙafarsa ya shige ƙasa. Aka kawo rubutu, aka kawo saiwoyi, duk suka bi ta inda ruwan ya bi. Kafin a ankara mutumin da ke ɗaga buhun gero da hannu ɗaya ya koma kamar busasshen kara, leɓensa ya tsattsage, idonsa ko hawaye babu.

Kalgo ne ya jawo masa. Kowa a Dogon Fako ya san yadda ake zama da kalgo, tsiron nan mai taurin rai da ganyensa yake tsage biyu kamar kofaton raƙumi, yana kore shar lokacin da komai ya bushe. Idan damina ta matso sai a yi sassabe, a sare shi daidai da ƙasa a bar kututturen, a shuka gero a gefensa. Ana gama girbi ya sake tohowa. To Arzika, Allah Ya ba shi kaka mai kyau, ya sayi shanun noma da garma, sai kai ya ɗan kumbura. Ya ce shi ba zai bar kututture ya riƙa karya masa bakin garma ba. Tun rani bai yi nisa ba ya ɗauki diga da gatari ya bi gonar yana tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya.

Matarsa Hakama ta ce, "Malam, in ka gama da su, da me zan jiƙa ruwan tsamin tuwo? Da me za ka ɗaure jinkar ɗaki?"

Ya ce, "Tsamiya ta ƙare a kasuwa ne? Ke dai ki zuba ido ki ga gona."

Ta zuba ido kuwa. Ranar da ya ciro kututture na ƙarshe, babban da ke tsakiyar gona, ramin ya yi wata ajiyar zuciya kamar ta mutum, iska mai sanyi ta fito da ƙamshin ruwan farko. Washegari ƙishirwa ta kama shi.

Hakama ta tsufa da mijin nan, 'ya'yansu duk sun yi aure sun kama gabansu, ba ta da abokin faɗa da hira sai shi. Tsoron rasa shi ya hana ta sakat. Wata safiya tana share ɗaki sai ta lura ruwan da ke fita daga ƙafarsa ba bajewa yake yi ba. Wani siririn danshi ne ya miƙe daga bakin gadon, ya fita ta zaure, ya nufi daji. Ta bi shi har gona, har bakin ramin nan, ta ga ya gangara ciki. Ta leƙa ba ta ga ƙarshen ramin ba.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta je wurin tarin kalgon da aka tumɓuke ta ɓare ɓawo, ta jiƙa, ta zauna ta tufka igiya har hannunta ya yi kanta. Ta tsinko sauran ganyen da bai gama bushewa ba da 'ya'yan kalgo ta ƙulle a gefen zane. Sannan ta ɗauki babban kututturen nan ta naɗe shi da farin ƙyalle ta goya a baya. Ta kira Tunau, ƙanen mijinta, ta ce, "Ka kafa mini turke a nan ka ɗaure igiyar. Yayanka kuma kada ka bar tulunsa ya bushe har in dawo."

Tunau ya ce, "Yaya Hakama, ina za ki da kututture a goye?"

Ta ce, "An yi wa mutane kisa, ai sai a mayar musu da gawarsu." Ta yi bismilla ta kama igiya ta zura ƙafa.

Ta yi ta sauka, hasken bakin ramin yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Igiya ta ƙare, ta rufe ido ta saki. Sai ta faɗo a kan ƙasa mai laushi, gaban wata ganuwa ja wadda ba a ganin samanta. Gara ce ta gina ta, amma garar wurin kowace ta kai jaki. Suka kewaye ta suna kaɗa baki, sai Sarkin Gara ya fito, kansa ja kamar tukunyar da aka gasa.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, duk icen da ya mutu namu ne, haka aka yi rabo tun farkon duniya. Sauke abin da ke bayanki."

Hakama ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, gawa ce. A garinmu ba a taɓa gawa sai danginta sun gan ta. Ban sani ba ko a nan an saba da wani abu daban."

Sarkin Gara ya ce, "A nan ma haka ne. Amma ba a wuce ƙofarmu ba a bar mana abin taɓawa ba." Kafin ta buɗe baki sun cinye takalman ƙafarta, ko maɗauri ba su bari ba. Ganuwa ta tsage ta wuce.

Bayan ganuwar wani fako ne shimfiɗe, duwatsunsa suna huci kamar kaskon tuya. Samansa ƙasa ce, saiwoyin gero da na ciyawa suna reto daga can, gajeru, duk sun mutu tun kaka. Hakama ta taka ba takalmi. Ƙafafunta suka tsage, jini ya riƙa binta. Da abin ya ishe ta sai ta zauna ta tauna ganyen kalgo ta liƙa a raunin, ta yago bakin zane ta ɗaure. Jinin ya tsaya, ta tashi ta ci gaba tana ɗingishi tana yi wa mijinta faɗa a zuci, tana kuma roƙon Allah kada ya cika kafin ta koma.

Fakon ya kai ta bakin wani kogi wanda babu ɗigon ruwa a cikinsa. Yashi ne zalla yake gudu yana tumbatsa, yana juya duwatsu manya kamar ɗakuna. A gaɓar akwai garken awaki ramammu, har ana hango ƙetaren kogin ta tsakanin haƙarƙarinsu. Wani bunsuru mai gemu har ƙasa ya tare ta.

Ya ce, "Mu ne awakin da fari ya kashe a bayan ƙasa. Muna jin ƙamshin abin da muka mutu muna nema. Me ke cikin zanenki?"

Tausayinsu ya kama ta. Ta kwance ƙullin ta zazzage musu 'ya'yan kalgon duka. Abin mamaki, 'yan ƙwanson nan da ba su cika ƙwarya ba suka yi ta yaɗuwa a ƙasa har kowace akuya ta samu. Suna gurgura nama yana cike haƙarƙarinsu, gashinsu yana sheƙi. Bunsurun ya durƙusa ya ce, "Hau, ki kama ƙahona, kada ki dubi yashin." Ta hau. Ya yi ta tsalle daga dutse zuwa dutse, yashi yana ruri a ƙarƙashinsu, har ya dire ta a ƙetare a bakin wani kogo.

Da ta fita ta ɗaya bakin kogon sai ta zauna tana salati. Wani tafki ne a gabanta wanda ido ba ya kai ƙarshensa, ruwansa garau, ko motsi ba ya yi. Daga sama saiwoyi ne suka sauko, dubbai a kan dubbai, kowace ta tsoma bakinta a ruwan, kowace tana haske ruwan zinariya kamar hantsi. Hasken ne ya cika wurin, babu rana babu fitila. A jikin saiwoyin an rataye gidaje kamar sheƙar tsuntsu, unguwa a kan unguwa. Mutanen birnin dogaye ne sirara, tafin hannunsu a tsage biyu kamar ganyen kalgo. Kowa zai sunkuya ya ɗebo ɗigon ruwa guda, ya ɗora a ka, ya kama saiwa ya hau da shi har ya ɓace a sama, wani yana saukowa. Suna yi suna wata waƙa a hankali wadda Hakama ta ji ta a ƙirjinta kafin ta ji ta a kunne. Ta tuna shekarun da ta yi tana taka gona da tsakar rani tana mamakin inda kalgo yake samun ruwa. Ashe wannan aikin ake yi a ƙarƙashin ƙafarta.

Masu gadi biyu suka tsaya a kanta. Ɗaya ya ce, "Ƙara kika kawo ko roƙo?"

Ta ce, "Gaisuwar mutuwa na zo."

Suka dubi juna, suka dubi farin ƙyallen da ke bayanta, sai suka sunkuyar da kai suka shige gaba. Suka bi da ita ta wata unguwa da ta fita daban. Nan duhu ne da sanyi. Saiwoyin sun tsinke suna reto, baƙi ƙirin, mutanen suna zaune jugum, yaransu sun koɗe har ana ganin bango ta jikinsu. A tsakiyar unguwar wani siririn ruwa yana ɗigowa daga sama cikin tafkin. Ba wanda ya gaya mata, ta san daga jikin wa yake fitowa.

Shugabar birnin, Magajiyar Saiwa, tana zaune a kan wani dutse a bakin ruwan, tsohuwa ce, gashin kanta fararen saiwoyi ne da suka zuba har cikin tafki. Hakama ta kwance goyo ta ajiye a gabanta, ta buɗe ƙyallen, ta durƙusa.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ya haƙuri? Allah Ya ba ku dangana. Mijina ne ya yi wannan aiki, ni kuma na kawo muku naku."

Kuka ya ɓarke a unguwar. Magajiya ta shafa kututturen ta daɗe, sannan ta ce, "Mun gode da gaisuwa, ya ke 'yar Adam. Tunda ake tumɓuke mu, ba a taɓa dawo mana da gawa ba sai yau. Wannan da kike gani ya girmi kakan mijinki. Kun yi ta saransa kowace shekara, bai taɓa kawo ƙara ba, domin sara aski ne a wurinmu. Kun ɓare shi kun yi igiya, kun tsinke ganyensa, awakinku sun ci 'ya'yansa, duk da yardarmu. Mu muna kai ruwa sama, ganye yana shan rana yana aiko mana da haske. Mijinki ya yanke hanyar. Dubi yaranmu."

Hakama ta duba, kunya ta rufe ta. Ta ce, "Na gani. Amma shi ma yana can yana mutuwa."

Magajiya ta ce, "Ba mu ɗauki abin da ba namu ba. Ruwan da muka kai gonar nan shi ya zama gero, geron ya zama tuwo, tuwon ya zama jikinsa. Namu muke karɓa. Idan ya ƙare, shi ke nan."

"Babu wata hanya, ranki ya daɗe?"

"Akwai iri." Magajiya ta ɗaga hannu, sai ga bunsurun nan ya shigo da ƙwarya a baki, cike da ƙwayoyin kalgo. "Ƙwayarmu ba ta tsira sai ta bi ta cikin akuya, ke kuma kin ciyar da awaki. Ku shuka. Sai dai saiwa ba ta gaggawa, kafin ta iso nan yaran nan sun shuɗe, mijinki ma haka. Sai in an sami mai rai da zai tsaya a ramin da aka bari, ya sha rana a madadin wanda aka kashe."

Hakama ta gane. Ta ji kamar ta tashi ta ruga. Ta ce, "Har abada?"

"Da damina muna hutawa, hasken da muka tara yana isarmu. Daga ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu zuwa ranar sassabe ne muke bukata, kowace shekara, har sabbin saiwoyi su taɓa ruwan nan. Ranar sassabe kuma shi zai sare ki da hannunsa, daidai da ƙasa. In ya ji tausayi ya ƙi sara, kin zauna a kalgo. In hannunsa ya zarce ya taɓa saiwa, kin zama tamu."

Hakama ta dubi siririn ruwan da ke ɗigowa, ta ga ya fara tsinkewa, ɗigo ɗaya sai an jima wani ya biyo. Ta ce, "Na yarda. Ku mayar da ni da sauri."

Wata mata ta ɗauke ta kamar yadda suke ɗaukar ɗigon ruwa, ta ɗora a ka ta kama saiwa. Hakama ta ji ta zama ƙarama, haske ya kewaye ta, tana tafiya sama cikin sanyi. Sai ga ta a gindin wani kalgo a gonar maƙwabta, rana tsaka, ƙwaryar iri a hannunta.

Ta tarar da Arzika ko magana ba ya iyawa sosai. Ta zauna a bakin gado ta gaya masa komai, Tunau yana ji. Arzika ya girgiza kai, ya kama zanenta, da ƙyar ya ce, "Ni na yi. Ni zan tsaya."

Ta ce, "Da wane ruwan jikin za ka yi ganye, Malam? Tashi dai ka raka ni."

Tunau ya goya shi har gona. Hakama ta ba su irin, ta gyara ɗaurin zanenta, ta taka cikin ramin, wanda yanzu ya cike bai wuce gwiwa ba. Ta ce, "Kada ka kewaye ni da ƙaya. Wanda ya zo neman ganye ko igiya ka bar shi, haka sharaɗin yake." Ƙasa ta rufe ƙafafunta. Hannuwanta suka miƙe suka rarrabu, ganye ya fashe a jikinsu kore shar, kafin Tunau ya gama salati babu Hakama sai kalgo mai yalwa yana kaɗawa. Tunau ya miƙa wa yayansa gora. Arzika ya sha, suka zuba wa ƙafarsa ido, ba abin da ya fito. Sai can ruwan ya fito ta idonsa, ya rungume gindin kalgon yana kuka kamar yaro.

Ranin nan Arzika a gona ya yi shi. Ya shuka irin, yana ɗauko ruwa daga rijiya yana ba su. Mata suka riƙa zuwa tsinkar ganye, yana tsaye yana cewa, "A hankali, don Allah, a hankali." Ranar da wani makiyayi ya ɓare ɓawo zai ɗaure itace, juya baya ya yi ya toshe kunnensa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya fita sassabe. Arzika ya wasa adda tun safe ya je ya tsaya. Ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke. Mutumin da ya tumɓuke gona guda ba tare da ya yi tunani ba, yau reshe ɗaya ya gagare shi. Rana ta take, maƙwabta suka gama nasu suka taru a kan iyaka. Daga ƙarshe ya durƙusa, ya share ƙasar gindin da tafin hannu don ya ga inda saiwa ta fara, ya yi bismilla ya sara. Rassan suka zube. Ganyen ya motsa, Hakama ta tashi zaune a cikinsu tana kakkaɓe kai, ta yi baƙi ta rame, ƙamshin ruwan farko yana tashi daga jikinta.

Ta dube shi ta ce, "Tun safe nake jin ka a kaina. Sai da rana ta gama gasa ni?"

Damina ta yi kyau, ta kuma yi sauri, kamar yadda takan yi wa wanda ba ya son ta wuce. Da kaka kowa ya kwashe amfaninsa, Arzika ma ya kwashe, sai dami ɗaya da ya bari a tsakar gida. Yau ya ce bai bushe ba, gobe ya ce bayansa na ciwo. 'Yan tsiron da ya shuka ko gwiwa ba su kai ba. Hakama tana kallonsa, ita ma ba son tafiyar take yi ba. Sai wata safiya ta ba shi ruwa ya sha, da ya tashi ta ga sawunsa a jiƙe a kan daɓe.

Ta gama shara, ta nuna masa inda ta ajiye daddawa da kuka. Sannan ta naɗa gammo, ta ɗauki damin da kanta ta nufi rumbu. Arzika ya sha gabanta ya ce, "Hakama, ko zuwa gobe."

Ta ce, "Riƙe mini tsanin, Malam."

Ya riƙe mata.